Warin da Des Kowald Bai Ji Ba

Shekara talatin da takwas Desmond Kowald ya yi yana askin tumaki. Tun yana ɗan shekara goma sha shida ya fara bin mahaifinsa rumfunan aski, daga gonakin yankin Mallee har ƙetaren kogin Darling, a tashi daga wannan gona a faɗa waccan sai kakar aski ta ƙare. A zamanin da ƙarfinsa ke jikinsa yakan aske tunkiya ɗari da tamanin kafin a tashi aiki, amma ba ya son a faɗa a gabansa. Dogo ne mai manyan hannuwa, sunkuyon shekaru ya lanƙwasa masa baya. Duk garin Wenbool Des ake ce masa.

Wani rago ne ya raba shi da aikin. Ya shiga garke zai jawo shi, ragon ya ja da baya ya tunkuye shi, ƙeyarsa ta bugi ƙarfen ƙofa. Kwana tara ya yi a asibiti. Ya fito da hankalinsa da ƙafafunsa, sai dai hancinsa ya mutu. Tun daga ranar bai ƙara jin ƙamshi ko wari ba. Matarsa Lorraine ce ta koma shinshina masa madara da nama kafin ya sa a baki. Da ta rasu, sai ya riƙa duba kwanan watan da ke jikin roba, abin da ya yi shakka kuma ya zubar.

Zaman gida shi kaɗai ya ishe shi cikin wata shida. Ya je ya ba da sunansa ga ƙungiyar 'yan sa-kai masu kai marasa lafiya asibiti, da tsohuwar motarsa mai shan dizal, wadda yake wanke ta kowace Asabar ko ta yi datti ko ba ta yi ba. Aka haɗa shi da Concetta Zappia, mai zuwa wankin ƙoda a birnin Mildura ran Litinin da Laraba da Juma'a, tafiyar kilomita ɗari da goma.

Concetta tana da shekara tamanin da ɗaya. Tana 'yar shekara tara jirgin ruwa ya kawo ta daga Calabria, ta girma a gonar inabi, ta haifi 'ya'ya biyar, ta binne mijinta. Gajeruwa ce, kullum cikin baƙar riga, kuma bakinta bai tsufa ba. Kowa Kaka yake ce mata. Ranar farko da Des ya buɗe mata ƙofa ya ce, "Sannu Kaka," sai ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni ce kakarka? Da wannan furfurar taka?"

"To me zan ce miki?"

"Ce mini Kakan, tunda ka riga ka ɓata. Amma ka tuƙa a hankali, ba tumaki ka ɗauko ba."

Haka suka yi shekara biyu. Ita ke magana, shi yana sauraro. Ya san sunan duk jikokinta da laifin kowannensu. Ran Juma'a takan kawo masa taliya da miyar tumatir a kwano, ta tsaya sai ya ci a gabanta, ko da yake ya sha gaya mata ɗanɗanon rabi-rabi yake ji.

A sanyin shekara ta uku, cikin watan Yuli, wanda a ƙasar shi ne tsakiyar hunturu, ciwon kai ya fara kama shi. Da safe lafiya lau yake tashi, amma kafin su kai rabin hanya sai goshinsa ya yi nauyi, idanunsa su yi yaji, barci ya riƙa fizgarsa. Bai gaya wa kowa ba. Da irin wannan ciwon kan mahaifinsa ya fara kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, kuma Des ya san in likita ya ji, lasin zai fara karɓewa.

A wannan satin ne Concetta ta fara cewa motar tana wari.

"Wane irin wari?"

"Irin na tsohuwar tarakta. Me ka zubar a ciki?"

Ya fitar da tabarmin ƙasa ya wanke, ya rataya ɗan kwalin nan mai ƙamshi a jikin madubi. Ran Laraba ta cire shi ta jefa a jakarta, ta ce yanzu warin ya zama biyu. A ransa ya ce jinya ce ta sa mata tsegumin hanci, don masu wankin ƙoda komai damunsu yake yi. Duk da haka ya shiga ƙarƙashin motar, ya ga ɗan tsatsa a jikin salansa, ya naɗe wurin da ƙarfe ya ɗaure. Ya gaya mata ya gyara.

"Ba ka gyara komai ba," in ji ta, tun ba su fita daga layinsu ba.

Wata Juma'a suna dawowa da la'asar, gilasai a rufe, hita a kunne, hanya miƙaƙƙiya ba kowa. Des bai san sanda idonsa ya rufe ba. Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ya ji, da dukan da Concetta ta kai masa a damtse. Ya fizgo sitiyari, motar ta yi tangal-tangal ta tsaya a gefen hanya, taku kaɗan daga wata itaciya. Ya kashe injin.

Can ya ce, "Kaka, na gama. Gobe zan kira ƙungiya su samo miki wani direban."

Ya gaya mata komai, ciwon kan da barcin da labarin mahaifinsa. Ta saurare shi har ƙarshe, abin da ba ta saba ba.

"Ranar Lahadi kanka yana ciwo?"

"A'a."

"Talata fa?"

Ya yi tunani. "Ba ya yi."

"To ni ma tun wata guda nake sauka daga motar nan da tashin zuciya, na ɗauka na'urar asibiti ce. Kai Desmond, girman jiki gare ka ba wayo. Mutum biyu a mota ɗaya, ciwo iri ɗaya, rana iri ɗaya, kai kuma kana can kana shirin mutuwa. Sauke gilasan nan duka, ka kai mu wurin Semisi."

Da gilasai a buɗe suka ƙarasa, sanyi yana kaɗa su, ita ta ƙudundune cikin rigar sanyinsa.

Semisi Latu shi ne makanikin garin, mutumin tsibirin Tonga, ƙato mai sanyin murya. Tsinkar inabi ce ta kawo shi yana saurayi, a gonar mijin Concetta ma ya fara, daga baya ya koyi gyaran mota ya buɗe garejinsa a bayan rumbun alkama. Yana shirin rufewa suka iso.

"Kaka da kanta! Kawu Des, me ka yi mata?"

"Kashe ni zai yi," in ji Concetta. "Motarsa hayaƙi take ba mu."

Semisi ya sa kai cikin motar ya shaƙa, ya ɗaga kafaɗa. Ya ce shi da ya wuni cikin dizal, har burodinsa warin dizal yake yi, hancinsa ba abin dogaro ba ne. Ya ce su dawo da safe injin yana sanyi, kuma lallai da Kaka.

Washegari Asabar ta zo da matashin kai da fulas ɗin kofi, ta hau kujerar gaba ta zauna kamar alƙali. Semisi ya fara ta baya. Ya ɗaga motar, ya toshe bakin salansa da tsumma, ya bi bututun da tafin hannu yana neman inda iska ke fita. Da ya iso ɗaurin da Des ya yi sai ya yi dariya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Ya yi kyau, Kawu. Sai dai wurin lafiyarsa ƙalau tun farko."

Ya duba robar ƙofar baya, ya duba ƙasan motar ko tsatsa ta huda, bai ga komai ba. Ya sauke ta, ya rufe ƙofofi, ya ce wa Concetta in ta ji wari ta buga gilashi. Aka tada injin, fankar hita a kashe. Minti biyar ba ta motsa ba. Ya sa Des ya kunna fanka. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta buga gilashi da zobenta. Ya ce a danna maɓallin da ke hana iskar waje shigowa, a buɗe ƙofa warin ya fita, a sake rufewa. Ba ta buga ba. Aka mayar da iskar waje, ta sake bugawa, wannan karon da ƙarfi.

"Yawwa," in ji Semisi. "Ba daga baya yake zuwa ba. Fanka ce ke zuƙo shi ta gaba."

Ya buɗe bonet, ya cire murfin roba da ke saman injin, ya ɗauko guntun tiyo. Ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana yawo da shi a kan injin. A na uku cikin nozul huɗun da ke fesa wa injin mai ya tsaya, ya miƙa wa Des tiyon.

"Hanci ne ba ka da shi, kunne fa?"

Des ya kara a kunne. Ƙarƙashin rugugin injin ya ji wani ƙaramin sauti, fus, fus, fus, yana tafiya daidai da bugun injin. Semisi ya haska wurin da tocila. Gindin nozul ɗin ya tara wani baƙin abu mai ƙyalli kamar daskararriyar kwalta. Ya fesa ruwan sabulu, nan take kumfa ta tashi tana fashewa.

Ya yi musu bayani a taƙaice. A ƙarƙashin kowane nozul akwai ɗan zoben tagulla da ke toshe hayaƙi, na ukun ya cinye, hayaƙin yana fitowa tun bai kai salansa ba. Sannan ya ja robar da ke bakin bonet ta wajen gilashin gaba, ta gutsure a hannunsa. Nan ƙasanta ne ƙofar da fanka ke shan iska. Lokacin zafi ana tafiya gilashi a buɗe ba wanda zai lura, sanyi ne ya tona asirin.

Des ya daɗe yana kallon baƙar kwaltar. Sai ya juya ya fita bayan gareji, ya tsaya yana kallon rumbun alkama, yana goge fuska da hularsa. Ba wanda ya bi shi. Da ya dawo, Concetta ta zuba masa kofi a murfin fulas ta miƙa masa.

Cire nozul ɗin ya ci wunin, don kwaltar ta riƙe shi gam. Semisi ya canza zobban duka huɗu da robar bonet, matarsa ta aiko musu da rogo da naman rago dafaffe cikin ganyen gwaza. Da yamma aka sake zaunar da Concetta, aka kunna fanka har ƙarshe. Ta shaƙa hagu, ta shaƙa dama.

"Saura warin tsohon mai tumaki," ta ce. "Wannan ba ka da maganinsa."

Ba ta ƙyale shi a nan ba. Ran Litinin, kafin a ɗora ta a na'ura, ta kama hannun rigarsa ta kai shi gaban wata nas ta ce a duba mata direbanta. Aka auna jininsa, aka haɗa shi da likita. Likitan ya ba shi maganin hawan jini, ya yi masa faɗan ɓoye ciwo, ya bar masa lasinsa. Ciwon kan bai dawo ba.

Des ba mai iya godiya da baki ba ne. Da bazara ta zo ya je ya aske tumaki shidan da Semisi ke kiwo a bayan gida, a hankali, yana hutawa tsakanin kowace biyu. Ita kuwa Concetta, ya gyara mata rumfar inabin ƙofar gidanta da ta karkace tun mutuwar mijinta, tana zaune a kujera tana gaya masa duk inda ya yi ba daidai ba.

Shekara uku suka ƙara yi a wannan hanyar. Ta rasu a gidanta cikin watan Maris, ana tsakiyar tsinkar inabi. 'Ya'yanta maza uku ne, sai suka roƙi Des da Semisi da wani maƙwabci su cika mutum shida masu ɗaukar akwatin gawar. Satin da ya biyo baya ƙungiya ta haɗa shi da wani tsohon malamin makaranta mai zuwa gashin ƙashi, mutum mai shiru. Des ya ga tafiyar ta yi tsawo, sai ya fara ba shi labari da kansa, har suka isa Mildura bai rufe baki ba.