Merv Tolhurst, Maharbin da Ya Ajiye Bindiga Saboda Kangaru Ɗaya

Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, matarka Noeline ta bugo mini waya ta ce ka rasu, Merv. Ban yi kuka nan take ba. Zama na yi a bakin ɗakin sanyi, inda maharba ke kawo mini kangarun da suka harbo, dabbar dajin nan mai tsalle da ƙafafun baya, kafin motar kamfanin nama ta zo ɗauka, na ji gajiyar da ta daɗe tana bina ta cim mini. Tsofaffin maharban garinmu Cunnamulla sai ƙarewa suke yi, ni kuma na gaji da raka su makabarta.

Ba wannan kaɗai ya gajiyar da ni ba. Mutanen birni makasa suke kiranmu, alhali ba su taɓa ganin kangaru ya maƙale a laka a shekarar fari, hankaka na cire masa ido da ransa ba. Masu garken tumaki kuma so suke a share kangarun duka saboda ciyawar da suke cinyewa, ko ta halin ƙaƙa. Kai kana tsakiya, ana yi maka ruwan zagi ta kowane ɓangare, ba ka tanka wa kowa.

Dokar sana'ar nan ba ta da kwana-kwana: harsashi a ka, dabba ta faɗi ba ta san abin da ya same ta ba. Wanda aka samu a wuya ko a ciki ba na karɓa, na sha tayar da jijiyar wuya da maharba a kan haka. Naka kuwa dubawa kawai nake yi don kada a ce na yi son kai. Matan kangaru ma ba ka harbi, gudun kada ka tarar da ɗa a jakar cikin uwa. In iska ta yi yawa har za ta iya kautar da harsashi, gida kake komawa da mota wayam, Noeline ta yi ta mita.

Sai ranar da ka iso da hantsi maimakon asubar da ka saba, fuskarka a murtuke.

Na ce, "Tsoho, yau barci ne ya sace ka?"

Ka ce, "Glenys, hannuna ya yi rawa. A muƙamuƙi na samu wani. Ya tsere."

"Haba, sau ɗaya tak a rayuwa? Ko fasto ai yana tuntuɓe."

"Da wane baki zai sha ruwa, Glenys?"

Ka bar aiki, ka bi madatsun ruwa ɗaya bayan ɗaya a ƙafa, cikin zafin Janairu, lokacin da rana ta fi ƙuna a ƙasarmu, har ka same shi tsaye a bakin ruwa yana kallo, ƙudaje sun rufe masa fuska. Ka ƙarasa shi. Washegari ka mayar da lasisinka, ka sayar da bindigar. Babu irin lallashin da ba mu yi ba. Na ce ka je ka sake jarrabawar harbi, na san za ka ci. Ka ce a jarrabawa takarda ake harbi, takarda kuwa ba ta jin ƙishirwa.

Ba ka iya wata sana'a ba, duk mun sani. Muna ji muna gani ka koma zaman baranda, kana ramewa, kana bin motocin maharba da ido da yamma. Na ji haushinka, Merv, har yau ina ganin da ka ƙara ko shekara ɗaya. Amma ko sau ɗaya ba ka ce ka yi nadama ba.

Da na je gaisuwa, abin da nake tsoron tambaya shi na tambayi Noeline: ko ka sha wahala? Ta ce kana riƙe da kofin shayi, kana mata tsiya a kan burodin da ta ƙona, sai kanka ya sunkuya. Ba ka san abin da ya same ka ba. A nan ne na yi kuka.

Allah ya jiƙanka, Merv, ya yi maka rahama fiye da wadda ka yi wa dabbobin daji. Noeline, da ke da 'yarki Raelene da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya sanyaya muku zuciya. Amin.