Abin da Na Gani a Maraɗi

Taubashina ɗan gwaggota ne, ni kuma ɗan kawunsa, saboda haka tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi kuma yana kirana da abin da ba zan rubuta a nan ba. Duk Madarumfa an san tsakaninmu. In na ce ya yi kyau, to a duba, akwai abin da ya maƙale masa a haƙori. In na ce ya yi abin kirki, dariya za a yi tun ban rufe baki ba.

Da muka zama samari ya bar kamun kifi a tabkin garinmu ya koma karen mota, yana bin wata tsohuwar mota tsakanin Maraɗi da Jibiya. Kusa da tashar Maraɗi akwai wani shago mai na'urar wasan faɗa. Tsayinta ya kai na mutum, tana da gilashi irin na tele, wato talabijin, da sanda mai kan ƙwallo, da maɓallai shida. Ka jefa ƙwandala, ka zaɓi jaruminka, ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da abokin karawarka, ku yi ta jibgar juna ba mai zuwa asibiti. Duk ranar da ya dawo gida sai ya zauna a fadarmu, inda muke shan shayi a gindin dogon yaro, ya ce kaf Maraɗi babu mai ja da shi. Wai yana da wani bugu nasa na kansa: ya murza sanda, ya sauke tafin hannu a kan maɓalli, jaruminsa ya tashi sama yana juyi, ƙafarsa ta share duk abin da ta tarar.

Ba wanda ya yarda. Telan fadarmu, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, shi ya fi kowa sa shi gaba. Ya ce mutumin da direba ke yi wa tsawa daga safe har yamma, shi ne zai zama sarkin yaƙi? Taubashina ya riƙa dariya tare da mu, amma ni na san abin na cinsa. A mota ba a kiransa da suna, sai dai "kai". Wannan na'urar ce kaɗai wurin da ya fi kowa, ga shi kuma mutanen garinsu sun ce ƙarya yake.

Ni dai na gani da idona. Babana ya aike ni Maraɗi sayen irin albasa, taubashina ya ja ni har shagon. Ya cire hularsa ya ba ni riƙo, ya tuɓe takalmansa, ya tsaya ƙafa ba takalmi a gaban na'urar. 'Yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, suka yi layi da jakunkunansu a baya, kowa ya zo ya sha kashi ya koma gefe yana ƙunƙuni. Shagon ya cika har ƙofa. Ban taɓa ganin aiki ya yi wa mutum kyau kamar yadda wannan ya yi masa ba. Na ji alfahari ya cika mini ƙirji, na kuma ji ƙyashi, ba zan ɓoye ba.

Muna komowa ya shiga fada da ƙarfinsa ya nuna ni.

"To ga shaida nan. Ku tambaye shi mi yag gani."

Na kurɓi shayi, na ajiye kofi a hankali. "Na ga rake mai kyau a tasha," na ce. "Har guda biyu munka sha."

Aka kwashe da dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Ai aikina ke nan, taubashi ba ya yabo. Na ce a raina gobe ko jibi zan faɗa musu gaskiya. Ba a jima ba na'urar Maraɗi ta lalace, mai shagon ya fitar da ita ya koma sayar da taya. Shaidar da ta rage wa taubashina a duniya ni ne, ni kuwa na saba da daɗin dariyar da ake yi.

Bayan kaka sai ga shi da wani kwali daga kasuwar Jibiya. Ƙaramar na'ura ce ta gida, wadda ake haɗawa da tele, kuma mai sayarwa ya rantse masa wasan Maraɗi ne sak a ciki. Muka roƙi wani malamin lakwal da ke zama da mu, wanda muke kira mushe kamar yadda ake kiran malamai da faransanci, ya fito da telensa zaure ran wata Asabar bayan la'asar. Zaure ya cika, wasu a tsaye, wasu suna leƙe ta taga.

Aka haɗa wayoyi, aka kunna. Hoto ya fito, amma baƙi da fari, kamar hoton katin zama ɗan ƙasa na kakanmu. Sauti kuwa babu, sai wani shuu kamar ana suyar kifi. Mushe ya juya wannan, ya murɗa wancan, ya mari telen sau biyu, sannan ya gyara murya ya yi mana bayani. Wai na'urorin da ake kaiwa Najeriya da telen da ake kawo mana nan ba tsari ɗaya aka yi musu ba.

"Wato ita turanci ta karanta, telenka kuwa faransanci," in ji tela.

"Kusan haka na," in ji mushe. "Suna gaisawa, amma ba su hira."

Taubashina bai yi dariya ba. Yana ta juya abin riƙewar a hannu. Babu sanda, sai wani ɗan gicciye da aka yi don babban yatsan yaro ɗan gata. Maɓallai huɗu ne a fuska, sauran biyun an ɓoye su a ƙeya. Shi kuwa hannu gare shi na mai jan koma da ɗaure kaya, yatsa ɗaya ya rufe maɓalli uku. Jaruman ma sun ƙanƙance, suna tafiya a hankali kamar masu azumi.

"Wagga ba ita ba ta," ya ce a hankali.

"An hwara neman hanyar gudu," in ji tela, ya miƙa hannu ya ɗauki ɗayan abin riƙewar. Bai taɓa yin wasan ba a rayuwarsa. Don tsokana kawai ya zaɓi jarumin da taubashina ya zaɓa. Daga baya muka gane cewa in mutum biyu suka zaɓi jarumi ɗaya, na'urar takan ba ɗaya jar riga, ɗaya shuɗiya, don a bambanta su. A telen mushe ja da shuɗi duk toka ne. Tagwaye biyu suka tsaya suna kallon juna.

Aka fara. Tela ya runtse ido yana danna komai da komai, kamar yana taka keken ɗinki da yatsu. Jaruman suka yi tsalle suka tsallake juna, suka sake tsallakewa. Can sai ɗaya ya matse ɗaya a lungu yana zuba masa naushi. Fuskar taubashina ta washe. Sai kuma abin mamaki, mai dukan ya tashi sama yana juyi, ƙafarsa a miƙe, daidai yadda aka shekara ana ba mu labari.

"Kun gani?" Taubashina ya daka tsawa. "Kun gani ko ba ku gani ba? Shi na!"

Ya ajiye abin riƙewar a tabarma, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu sama. Jarumin nasa kuwa bai tsaya ba. Ya ci gaba da duka, naushi, shuri, naushi, alhali hannun mai shi suna sama. A zaure ba ka jin komai sai suyar kifin tele da ƙarar yatsun tela, wanda har lokacin idonsa a rufe yake. Wanda aka matse a lungu ya faɗi. Shi ne na taubashina, tun tsallen farko ya ɓace masa.

Dariyar da aka yi ranar har mata suka leƙo daga cikin gida. Ni har da hawaye. A cikin hayaniyar ya juyo ya dube ni, murya ƙasa ƙasa.

"Don Allah hwaɗa musu."

Da na ce na gani, da ba abin da ya rage ni. Amma zaure ya yi daɗi, duk ido na kaina ana jiran abin da zan ce. "Bawana," na ce, "ai na hwaɗa. Rake."

Ya yi murmushi, ya naɗe wayoyinsa. Bai sake maganar Maraɗi ba, na'urar kuma ya ba wani kyauta. Shekaru da yawa tela na gaishe shi da ɗaga hannu biyu sama.

Yanzu duk mun yi furfura. Shi yana da motarsa, ni ina lambuna a bakin tabki. Kwanakin baya na ji 'yata tana wasa da salula, wani kiɗa na fita da na tabbata na taɓa jinsa. Na karɓa na duba, wasan Maraɗi ne, na ainihi, da launinsa da sautinsa. Na kai shi fada, don har yanzu muna zama, sai dai yanzu kowa da maganin hawan jininsa a aljihu. Taubashina ya sa tabarau ya kalli gilashin. Bai taɓa ba, ya ce babu inda hannu zai kama. Sai ya kara salular a kunne yana saurare, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa.

A nan na tashi na yi abin da ya kamata in yi tun muna samari. Na ce su saurara. Na ce na gani da idona, 'yan lakwal sun yi layi, ba wanda ya ci shi ko sau ɗaya, kuma bugun nan nasa gaskiya ne.

Suka fashe da dariya. Tela har yana dukan cinya.

"Kai, wanga sabon salo ya hi na rake!" in ji shi.

Na rantse, dariyar ta ƙaru. Na shekara da shekaru ina koya musu kada su yarda da ni a kansa, kuma sun koya da kyau. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na koma na zauna.

Da aka watse muka biyo hanyar tabki mu biyu. Masunta na shanya komarsu. Can ya tsaya.

"Da wane hannu nike riƙe sandar?"

"Hagu," na ce. "Ta ƙasa, tsakanin yatsu, kamar mai riƙe kohin shayi. Ƙahwa ba takalmi. Ni na riƙe maka hula."

Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya cire hularsa ya miƙo mini, ya ce in ba shi salular ya gwada.