Miƙa Sanda da Hagu

Bahago aka haife ni, amma ban cika shekara bakwai ba Baba ya raba ni da hannun hagu. Ba dukana yake yi ba, kada in ɗauki alhakinsa. Wani siririn kara yake ajiyewa gefen akushi, in na kai hagu cikin tuwo ya ɗan taɓa mini bayan hannu, ko kallona ba zai yi ba. In na miƙa masa buta da hagu, sai ya bar ni tsaye da ita, ya ci gaba da hirarsa kamar babu kowa a wurin, har sai na tuna na sauya. A gidanmu na Rawayya, miƙa wa babba abu da hagu ɗaya yake da zagi. Da haka na girma, hannun da ya fi ƙarfi a jikina shi ne wanda nake ɓoyewa.

Ina aji uku a sakandaren kwana a Gusau aka kawo mana sabon malamin wasanni, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin basasa. Tsohon soja ne, gajere, da usur rataye a wuya ko masallaci zai je. Kafin zuwansa wasanni a wurinmu hayaniya ce kawai, a jefa ƙwallo tsakiyar fili, mai ƙarfi ya ture marar ƙarfi. Makonsa na farko ya manna takarda biyu a allon sanarwa, ɗaya ta manufa, ɗaya ta dokoki, ya tara mu bayan la'asar ya karanta da Turanci, ya sake da Hausa don kada wani ya ce bai ji ba.

Ta manufar gajera ce. Ana wasa ne don jiki ya yi lafiya ya ɗauki karatu, don mutum ya iya aiki da wanda ba ɗan garinsu ba, don kuma ya koyi faɗuwa ba tare da ya zagi kowa ba. Mun yi ta dariyar wannan ta ƙarshen. Wa ke zuwa makaranta koyon faɗuwa? Dokokin kuwa suna da yawa, kuma ya riƙe su kam. Wanda ya faɗi jarrabawa ba ya shiga fili sai ya gyara. Ana kiran magariba an tashi, ko ƙwallo na bakin raga. Ba a ɗaura laya a damtse, wanda ya ɗaura ya kwance ya ba shi ajiya, kuma da hannu biyu yake karɓa, bai taɓa yi wa layar kowa ba'a ba. Duk wanda ya fara tsere sai ya kai ƙarshe, ko da rarrafe. In an gama a gaisa da wanda ya ci da wanda aka ci. Ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a wuya: ba mai wakiltar makaranta a waje sai ubansa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takarda.

Ni kuwa gudu ne abin da na iya. Lissafi da kyar nake tsallakewa, ƙwallo in na buga sai a nemo ta bayan kicin, amma in aka busa usur na ji ƙasa a tafin ƙafata, ba na tuna ni ɗan ƙauye ne mai guntun wando. Ina son abin har cikin raina.

Da hutu na kai wa Baba takardar. Ya juya ta gaba da baya, ya sa na karanta masa, sannan ya ce, “Gudun mi? Wani abu ya koro ka?”

Na ce wasa ne, kuma in mun ci za a kai mu Sakkwato.

“Boko anka kai ka, ba tsere ba. Ni ban dangwala ma abin da ban gani ba. Ran da za ku yi, in taho in gani da idona.”

Ya ninke takardar ya sa cikin aljihun rigarsa. Na san Baba, in ya gani bai yi masa ba, magana ta ƙare, ko Inna ba ta iya tayar da ita.

Ɗaliban makarantar an raba mu gida huɗu, kowane gida da launinsa, namu kore. Malam ya sa ni cikin 'yan gudun miƙa sanda na gidanmu. Mutum huɗu ne, kowa ya yi nasa zangon ya miƙa wa na gaba guntuwar gora, na ƙarshe ya kai ta layi. Ni ne na uku. Na huɗu shugaban gidanmu ne, ɗan aji biyar daga Tsafe, dogo, mai sanyin magana, wanda duk muke ce wa Yaya. Shekararsa ta ƙarshe ke nan, kuma bai taɓa zuwa Sakkwato ba.

Yadda Malam ya koya mana, ka karɓi sanda da dama, ka mayar da ita hagu kana cikin gudu, ka miƙa da hagun cikin daman na gabanka, wanda ya riga ya fara gudu ya miƙo hannu baya bai waiwaya ba. Ranar farko mu huɗu duk muka yi cirko-cirko. Wanda ke ba ni sandar ɗan ajinmu ne, tsarana, nan babu damuwa. Amma ni in miƙa wa ɗan aji biyar abu da hagu? Sau uku ina isowa bayan Yaya hannuna na mayar da sandar dama da kansa, ban sa shi ba. A na huɗu har na ɗan rusuna. Malam ya cire usur daga baki ya ce, “Kai, gaisuwar surukai ka zo yi ko gudu?” Fili ya ɗauka da dariya, har Yaya sai da ya zauna ƙasa.

Da aka watse Yaya ya kira ni gefe. “Na yafe maka hagun nan daga yau har ranar gasa,” in ji shi. “In ka ga dama bayan nan ka riƙa miƙo mini komai da hannu biyu.”

Makonni muka yi muna maimaitawa, har abin ya zauna. Kuma gaskiya ya yi mini daɗi. Karo na farko ke nan da wani ya nemi hannun nan nawa da wani aiki a gaban mutane, ga shi kuma ya fi daman iyawa nesa ba kusa ba. Sandar ba ta taɓa kuɓuce mini ba ko sau ɗaya. Malam ya daina kallon wurinmu ma, ya koma kan na farko da na biyu.

Ranar gasar gidaje ta faɗo cikin bazara, ana zafi mai tsanani. Tun da safe aka tsince tsidau daga fili, aka ja layuka da farar ƙasa, aka kafa rumfa da kujeru don manyan baƙi. Na yi ta leƙen rumfar ban ga Baba ba, har na fara jin sanyi a raina. Ashe ya iso tun hantsi, ya shigo motar kasuwa daga Bunguɗu, kuma shi ba mutumin kujera ba ne. Ya samu gindin wani itacen dogon yaro a kwanar ƙarshe ta fili ya shimfiɗa buzunsa, da ƙullin hoce, irin gurasar dawa ta garinmu, da Inna ta aiko mini a gefensa. Wurin kuwa taku goma ne daga inda zan miƙa wa Yaya sanda.

Gudunmu ne na ƙarshe, bayan la'asar. Gidan da ya ci shi zai wakilci makaranta. Na farkonmu ya fita da kyau, na biyu ya riƙe, sandar ta shigo hannuna muna gaba da kowa. Na mayar da ita hagu yadda aka koya mini, na sha kwana, ina jin ihun 'yan gidanmu. Na hango bayan Yaya ya fara tafiya, hannunsa a miƙe. A daidai nan idona ya faɗa kan Baba. Ya miƙe tsaye, ya dafa itacen, yana kallona.

Ban yi shawara da kaina ba, wallahi. Sai dai na ji sandar a dama. Don in kai ta hannun Yaya sai da na karkato na shiga bayansa sosai, ƙafata ta taka dugadugansa. Ya yi tuntuɓe, ni na kife, gorar ta yi tsalle ta gangara layin wasu. Gida uku suka wuce mu ina kwance ina kallon ƙafafunsu.

Na so in tashi in bi ta bayan ɗakin kwana in ɓace. Muryar Yaya ce ta tsayar da ni. “Ɗauko! Ɗauko ka ba ni!” Na rarrafa na ɗauko na ba shi, ban ma san da wane hannu ba. Ya ruga shi kaɗai a fili, sauran sun riga sun kai, gwiwarsa na jini, bai rage gudu ba har layi. Malam ya tsaya da usur a baki bai busa ba sai da ya iso. Sannan Yaya ya bi waɗanda suka ci ɗaya bayan ɗaya ya gaisa da su, ya dawo har inda nake ya miƙo mini hannu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na riƙe hannunsa na fashe da kuka, ƙato da ni.

Mutane sun fara watsewa Baba ya taho, buzu a kafaɗa. Bai yi mini magana ba, wurin Malam ya nufa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da zafi da gajiya, ni ina tsaye kamar wanda ake shirin yanke wa hukunci. Sannan ya ce, “Malam, yaron ga shina gaba. Mi ya kada shi?”

Malam ya ce hannu na sauya.

“Wa yas sa dokar a miƙa ma babba abu da hagu?”

Na ce a raina shi ke nan. Amma Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma yi masa Turanci ba. Ya karɓi gorar, ya tsayar da Yaya a cikin layi, shi ya tsaya bayansa. Ya nuna yadda in ka miƙa da hagu kowa na gefensa, hanya a buɗe. Ya sauya zuwa dama ya nuna yadda ƙafa ke hawa ƙafa. “Ba raini ba ne, Baba,” ya ce. “Don kada ya ji wa na gabansa ciwo ne. Kuma duk makarantar nan ba wanda ya kai shi iya miƙawa. Wata biyu bai yar ba sai yau.”

Baba ya dubi gwiwar Yaya, ya dubi gindin itacen da ya zauna. Can ya ce, a hankali, “Ashe ni nik kada su.”

Yaya ya fara cewa a'a, ƙaddara ce. Baba ya ɗaga masa hannu, ya ba shi haƙuri, irin haƙurin da babba ke ba babba. Sannan ya ajiye buzunsa ƙasa, ya tuɓe takalmansa, ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya shiga cikin layin ya juya mini baya. Ya miƙo damansa baya yadda ya ga an yi, yatsu a buɗe.

“Koma can ka taho,” ya ce. “Yadda malaminka ya koya maka.”

Na karɓi gorar daga hannun Malam na koma baya kaɗan. 'Yan makarantar da ba su tafi ba suka tsaya kallo. Na taho da ɗan gudu, ina isowa bayansa na ji hannuna zai sake yin halinsa, na tsaya cik.

Bai waiwayo ba. “Da hagun, ɗana. Ni nic ce.”

Na sa masa. Tunda nake bai taɓa karɓar komai daga hannun nan ba. Ya damƙe, ya yi taku biyar ko shida na gudun tsofaffi, riga na zamewa, hula ta karkace, yara suka sa ihu da tafi. Ya tsaya yana haki yana dariya, dariyar da rabon da in gan ta tun ina ƙarami. Ni kuwa hawaye ne suka dawo, na rasa inda zan sa fuskata.

Ya mayar wa Malam gorarsa da hannu biyu. Ya laluba aljihu ya fito da takardar, ta yi laushi don ninki, ya warware ta a kan cinyarsa ya ce a kawo tawada. Malam ya gaya masa bana kam an riga an cinye mu, sai dai baɗi.

“To, ta baɗin,” in ji Baba, ya miƙa babban yatsansa.