Baturen da Ya Taka Barkonon Inna Turai

Gidansa a kan taya yake, wata farar mota mai labule da gado a ciki. Ya tsayar da ita kusa da gadar Wudil, taya biyu a kan barkonon da Inna Turai ta baza na sayarwa. Dogo ne, rana ta mai da shi jajur, yana ta murmushi kamar garin na ubansa ne. Karensa na kujerar gaba yana shan sanyi.

"Bawan Allah, ka taka mini barkono!" in ji tsohuwar. Tun daga Indabo ta ɗauko shi a ka.

Ba ya jin Hausa, amma ai yana da ido. Ya dubi tayar, ya dube ta, sai ya ɗaga waya ya ɗauki hotonta tana faɗa.

Na tabbata a ƙasarsu ko ciyawar maƙwabcinsa ba ya takawa. Yanzu Inna Turai na tsince abin da ya rage, shi kuwa ya sauko da karen, ya durƙusa yana ba shi ruwan gora, yana lallashinsa.

Ashe ya iya durƙusawa.