Hammanjoda, Jagoran da Ke Tafiya a Baya

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin unguwarmu ta Turaki a nan Jalingo, kowa yakan nufi abin da ke gabansa. Mahauta su tafi kwata, masu shanu su tafi tatsa, ni kuma in je in kaɗe ƙurar keken ɗinkina. Shi kuwa Hammanjoda sai ya rataya butarsa ta duma, ya ɗauki sanda, ya gangara kogin Mayo Gwoi. Ba wanka ke kai shi ba, ba kuma kamun kifi ba. Hanya yake zuwa dubawa. Yakan bi gaɓar kogin yana lura da inda ruwa ya ci ƙasa, ya kawar da ƙaya, ya soka sanda a mashigi ya ji ko yashin ya yi laushi. Ya gaisa da mata masu wanki, ya gaisa da 'yan ƙabilar Mumuye a gonakinsu na doya, kowa da harshensa. Da hantsi ya dawo gindin ceɗiyar bakin kasuwa ya zauna yana tufkar igiya, kamar wanda bai je ko'ina ba.

Duk wannan wahala saboda ranar Lahadi yake yin ta. A ranar, da yake an rufe ofis da makaranta, yakan kwashi duk mai so daga gindin ceɗiyar nan, su bi kogin sama har wani faffaɗan dutse inda ruwa ke kwanciya. A can a ci guzuri, a yi azahar, a huta, a dawo gari rana ba ta faɗi ba.

Mu da iyayenmu suka zo daga Katsina, tafiya a wurinmu sai da dalili: fatauci, ko zumunci, ko ta'aziyya. Da na fara jin wai mutum ya yini yana taka ƙasa don ya kalli ruwa ya dawo hannu biyu, cewa na yi wannan aikin Turawa ne. Kuma da su abin ya faro. Wani Bature mai son kallon tsuntsaye ne ya fara ɗaukar Hammanjoda ya nuna masa hanya. Baturen ya tafi, hanyar ta zauna. Akawuna suka soma bi, sai malaman makaranta da ɗalibansu, sai baƙin da suka sauka daga jirgin ruwa a Lau, daga baya har matan unguwa.

Dokarsa guda ɗaya ce. Kafin a tashi, yakan zaga jama'a yana kallon ƙafafu, ba fuskoki ba. Wanda ya ga ya fi kowa rauni, tsoho ne, ko mai ciki, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi, sai ya nuna shi da sanda ya ce, "Kai ne jagora yau." Wannan shi zai shige gaba, kuma ba mai wuce shi. Hammanjoda ya koma can ƙarshe, daga nan yake ba da hanya da murya: "Dama. Hagu. Sese-sese." Da Fillanci ke nan, wato a hankali.

Bai taɓa gaya mini dalilin dokar nan ba. Maishanu mahauci, wanda ya san shi tun suna samari, shi ya ba ni labarin. A da Hammanjoda ɗan dako ne, yana ɗaukar kayan rangadi a ka. Wata shekara kurkunu ya fito masa a ƙafa suna kan hanyar Lau. Ya yi ta ja da baya, ayarin ya yi ta nisa, har ya zube a gindin wata kanya ba wanda ya sani. Wata Bamumuya da ke dawowa daga rafi ce ta tsince shi, ta yi jinyarsa. Maishanu ya ce da ya warke an zuga shi ya kai ƙara, ya ƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba mugunta suka yi ba. Na gaba ba ya ganin na baya."

Maishanun nan shi ya fi kowa ƙorafi a kan dokar, shi ya kuma fi kowa yabonta yau. Wata Lahadi da damina aka sa Inna Kande mai ƙosai a gaba, tana dogara sanda. Da tafiya ta ishe shi sai ya ɗaga murya.

"Hammanjoda, wannan yawo ne ko rakiyar amarya?"

"In ka riga mu kaiwa, kogin zai ba ka tukuici?" in ji Hammanjoda daga baya.

Inna Kande ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙyale shi, ɗan nan. Ba shi ke sauri ba, tumbinsa ne ke jan sa."

Ba su daɗe da ƙetare mashigi ba Hammanjoda ya ga ganye da kumfa suna saukowa, ruwan yana yin ja. A kansu sama garau take, amma an yi ruwa a kan duwatsu. Ya ce a juya. Da yake kowa na tattare a bayan tsohuwar, kira ɗaya ya ishe su, suka ƙetaro gaba ɗaya. Suna hawa tudu kogin ya cika ya batse. Har yau in Maishanu ya ba da labarin sai ya ce, "Da ya bar ni na yi gaba, da a Lau za a tsinci hulata."

Ni ma ina da tawa shaidar, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami, ko da yake karatuna bai wuce elementare ba.

Ina da 'ya, sunanta Furera. Tun tana ƙarama shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu, ta tsuke, tana jan ta. Ni kuma Allah Ya halicce ni da fargaba. Rijiya ban bari ta je ba, kasuwa ban bari ta je ba. A shagona take yini tana ɗinka maɓalli. Ran Lahadi idan ayarin Hammanjoda ya zo wucewa ta ƙofarmu, sai allurar ta tsaya a hannunta, ta bi su da ido har su ɓace. Ba ta taɓa roƙona ba. Wannan shirun nata ya fi roƙo nauyi a zuciyata.

Wata rana Hammanjoda ya kawo rigarsa a yi mata faci. Ya zauna ya ce, "Yarinya, ba ni ruwa in sha."

Na zabura zan ɗebo.

"Zauna, tela. Ba kai na aika ba."

Furera ta tashi ta nufi randa, shi kuma ya zuba wa ƙafarta ido, zuwa da dawowa. Ya sha, ya ajiye moɗa.

"Ƙafar nan tana son hanya," in ji shi. "Ka ba ni ita ran Lahadi."

Na ce, "Baffa, ka yi mini rai. Tsakar gida ma faɗuwa take yi, balle bakin kogi."

"In ta faɗi a tsakar gida, wa ke ɗaga ta?"

"Ni."

"To."

Ya karɓi rigarsa ya tafi. Da na kai maganar cikin gida ina tsammanin uwarta Hajaratu za ta goyi bayana, sai ta ce, "Malam, ranar da babu ni babu kai, wa zai ɗaga ta?" Na yarda, amma da sharaɗin ƙafata ƙafarta.

Ran Lahadi a gindin ceɗiya Hammanjoda ya zaga yana kallon ƙafafu, ya tsaya a kan Furera. "Ke ce jagora yau." Ta dube ni, na kau da kai don kada ta ga abin da ke fuskata. Ta shige gaba, manyan mutane da gemunansu suka jeru a bayanta.

Rani ne, kogin ya janye ya bar farin yashi. Muka bi ta ƙarƙashin giginyu da ɗorawa, belbelu na tashi a gabanmu, makiyaya na shayar da shanu a ɗaya gaɓar. Idan ta tsaya ta huta, kowa ya tsaya, kuma ba wanda ya nuna don ita aka tsaya. Wani ya tsinci tsamiya, wani ya nuna sawun biri. A nan na gane abin da ke kawo mutane: mai tafiya a hankali ne ke ganin kogi.

Sai muka iso mashigi. A nan kaɗai Hammanjoda ke barin baya. Yakan shiga ruwan ya tsaya ta ƙasa, ta inda ruwan zai kai mutum in ya ja shi. Ruwan iya gwiwa ne. Furera ta tattare zane ta shiga. Tana kaiwa tsakiya ƙafar ta goce, ta zauna cikin ruwa daɓas.

Ban san lokacin da na yar da takalmana ba.

"Tsaya nan, tela," in ji Hammanjoda, bai ko ɗaga murya ba. "Na auna shi da safe. Ba zai ci ta ba."

Na tsaya. Ta dafa yashi ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta miƙe, ruwa na zuba daga zanenta. Ta juyo tana dariya har da haƙora.

"Baba! Ashe ruwan kogi sanyi gare shi haka!"

Sai a lokacin na lura da hannun Hammanjoda. Yana nan a buɗe daf da bayanta, tazarar bai fi taƙi ba, amma bai taɓa ta ba.

Kai ne, Baffa Hammanjoda, ka nuna mini yadda ake tsare yaro ba tare da an riƙe shi ba. Kai ne ka tashi tun duhu ka auna ruwan da 'yar wani za ta faɗa, don ta faɗi ta kuma tashi. Sandar baya, mai kora ba duka. Ba ka da albashin En'e, ba ka da rigar sarauta, abin da aka ba ka na goro kake karɓa, wanda bai da shi kuma ba ka taɓa mayar da shi ba. Shekara da shekaru kana fita da 'ya'yan mutane, ba a taɓa cewa ka dawo babu ɗaya ba.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ƙafar Furera ba ta warke ba, har yau tana jan ta. Fargabata ma ba ta warke ba. Amma yanzu ta zama budurwa, ita ke zuwa rijiya, ita ke kai ɗinki gidajen mutane, kuma da wuya Lahadi ta wuce ba ta bi kogi ba. Ni dai in tsaya a ƙofar shago ina leƙe har ta dawo.

Bana tsufa ya kama Hammanjoda. Gwiwa ta ƙi, yanar ido ta soma rufe masa gani. Bayan kaka ya ce zai yi fitarsa ta ƙarshe. Ranar gindin ceɗiya ya cika, har da waɗanda ya fita da su suna yara, yau suna riƙe da nasu yaran. Ya zaga kamar kullum yana duba ƙafafu, ya tsaya a kan Furera, ya ɗaga sanda.

"Baffa, yau ba ni ba ce," in ji ta.

"To wa?"

"Dubi taka ƙafar."

Ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa, ya daɗe. Sai Maishanu ya fashe da dariya. "Doka ta ci mai ita! Wuce gaba, tsoho, yau mu ma mu rama."

Hammanjoda ya yi murmushi ya ce, "Shekarun nan duka ƙeyar mutane nake kallo. Bari in ga yadda kogin yake daga gaba."

Ya shige gaba yana dogarawa. Furera ta koma can ƙarshe, inda yake tsayawa, muka riƙa jin muryarta: "Dama, Baffa. Akwai saiwa. Sese-sese." Ba mu taɓa yin tafiya mai nawa irin ta ranar ba, ba kuma wanda ya yi ƙorafi. Da muka iso mashigi sai na ga ta tattare zane ta shiga ruwa, ta tsaya ta ƙasa. Bakina ya buɗe zan kira ta. Na rufe shi. Tsohon ya ratsa a hankali, hannunta a buɗe daf da bayansa, ba ta taɓa shi ba, har ya taka yashin ɗaya gaɓar.

Mun gode, Baffa. Ni da Hajaratu mun gode, mutanen Jalingo sun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka gama lafiya, Ya tsaya maka a mashigin da kowa zai ratsa shi kaɗai.

Yana nan da ransa a gindin ceɗiyar bakin kasuwa yana tufkar igiya da lalube. Wanda ya taɓa bin sa, ya je ya gaishe shi tun yana jin gaisuwa. Samarin gari kuma kada ku bar hanyar nan ta mutu, akwai waɗanda suka san ta, ku tambaye su. Sauranmu, malami a aji ne, ko maigida a gidansa, ko madugu a ayari, mu riƙa waiwayawa mu ga wa ke jan ƙafa a baya. In mun gan shi, kada mu ɗauke shi, kada mu bar shi. Mu ce masa ya wuce gaba.