Taswirar da Na Zana a Chikaji

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, lokacin da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, ina haya a wani ɗaki a Bomo. Malamin da ke duba aikina na kammalawa ya koya mana cewa duk inda mutane da injuna ke aiki tare, ana iya zana su a takarda. Mutum ɗigo, inji akwati, sai a ja layi tsakanin duk biyun da ɗaya ya dogara da ɗaya. Daga nan a duba siffar a sa ta a rukuninta. Wani wurin sarƙa ne, wannan ya miƙa wa wancan. Wani kuwa kowa ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Ya ce in nemi wurin aiki na gaske in zano masa.

Wani dattijo a cocinmu ya haɗa ni da mai wata ƙaramar masana'antar man gyaɗa a Chikaji. Iyayen mai masana'antar 'yan kudu ne, amma haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Oga kowa ke ce masa. Sati uku ina hawa bas daga Samaru da littafina a jaka.

Ranar farko matan da ke tsince tsakuwa daga gyaɗa har ƙuliƙuli suka ba ni. Da suka ga ina tsayawa a bayan kowa ina rubutu, sai hira ta riƙa mutuwa in na iso. Na tambayi mai kula da injin matsa wa yake jira kafin ya kunna. Ya dube ni ya ce, "Wai wa ya aiko ki?"

Akwai wani tsoho da ke zama a benci kusa da ɗakin janareta. Ba ya taɓa inji, ba ya ɗaukar buhu. Jefi-jefi ya tashi ya raɗa wa wani magana, ya dawo ya zauna. Na gaishe shi, na tambaye shi aikinsa.

"Ina nan dai, 'yata."

"Baba, wane inji ne naka?"

"Babu nawa. Sauraro nake yi."

Na sa masa ɗigo a gefen takarda. Ban ja masa layi ba, don ban ga inda zan ja ba.

Da na gama, Oga ya ce in kawo ya gani. Ya shimfiɗa takardar a teburin ofis, ya daɗe yana bin layukan da yatsa. Ba a taɓa kallon aikina da natsuwa haka ba, har na ji daɗi. Can ya ce, "In na cire wannan ɗigon, aiki zai tsaya?"

Na ce zai tsaya.

"Wannan fa?"

"A'a, Oga. Sai ya bi ta nan."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina amsawa kamar a jarrabawa, shi kuma yana sa alama da jan biro. Da ya kai kan tsohon bai ma tambaye ni ba, ya sa masa alama. Ta taga na hango matan sun saki tiren gyaɗa, sun zuba wa ofis ido. Nan na gane waɗanda zai sallama yake wa alama. Oga ya ce in bar masa kwafi, na bar masa.

Bayan wata guda na koma don ya sa min hannu a takardar shaida. An kawo injin rairaya, mata biyu kaɗai suka rage. An ɗauke bencin, tsohon ma ba ya nan. Mai injin matsa ya ja ni gefe, ba da faɗa ba. Ya ce tsohon nan makaniki ne kafin ƙarfinsa ya ƙare, ya san kukan kowane inji a gidan. In bel ɗin inji ya fara sakewa, ko ƙarfe ya ɗau zafi, shi ke fara ji, ya zo ya ce a kashe kafin hannun wani ya shiga.

"Kin ji wannan ƙarar?" in ji shi.

Na kasa kunne. A wurina duk ƙara ɗaya ce.

"Kwana uku ke nan da ta fara. Ni ma ban san ko lafiya ba ce." Ya naɗe hannun rigarsa sosai, ya koma bakin injin.

Na koma Bomo na sake zanen, na ja layi daga tsohon zuwa kusan kowa. Malam ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce ta cukurkuɗe, ba ta shiga kowane rukuni. Na kai wa Oga, ya ce in bar wahalar da kaina, na farkon ya ishe shi. Na farkon na miƙa a makaranta, na kuma ci da maki mai kyau.

Daga ranar ban sake taka Chikaji ba. Har na bar Zariya, in na shiga kasuwar Sabon Gari na hango fuskar da na sani daga can, sai in sauya layi, kada a ba ni labarin abin da ya biyo baya.