Kaskon Gindin Famfo

Jiya mai gyara ya ture tsohon kaskon da ke gindin famfonmu a Sandamu, sai marigayi Baffa ya faɗo min a rai.

Famfon ya daɗe yana ɗiga. Baffa yakan naɗe shi da robar tayar keke, amma ba ya ɗaurewa tamau. Wata rana da bazara na ce, "Baffa, kawo in matse maka." Ya riƙe hannuna, tafinsa na warin roba, ya nuna min kurciyoyi a bakin kaskon, ya ce, "Kai ka sha. Su fa, wa zai ɗebo musu?"

Yanzu ɗigon ya tsaya, ni ke cika kaskon. Allah ya shayar da Baffa ruwan Alkausara.